Ƙaramin Kan Jirgi, Taragu Rututu

 

Yau zancen jirgin ƙasa za mu yi, amma ba irin wanda ke tashi daga Rigasa ya nufi Idu ba. Jirgin namu na yau, kansa bai fi taƙi guda ba, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. A Jamus da Ingila da Amurka da Japan akwai mutane birjik, da yawansu magidanta ne har da masu furfura, waɗanda haɗa irin waɗannan ƙananan jirage shi ne abin sha'awarsu. Mutum zai ware ɗaki guda a gidansa, ya shimfiɗa layin dogo a kan katako, ya gina tasha da gada da duwatsu, ya ja wuta, jirage su riƙa kai da komowa. Kowane kai da kowane tarago an kwaikwayo shi ne daga na gaske, aka rage shi bisa ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda suke kira HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin biyu kuwa milimita 16.5 ce kacal. A birnin Hambug na Jamus akwai wani gidan kallo mai suna Miniatur Wunderland, da aka buɗe a 2001, wanda tsawon ƙananan layukan da ke cikinsa ya haura kilomita 15.

To masu wannan sha'awa suna da wani buri da ke hana su barci, wato dogon jirgi. Jirgin kaya na gaske a Amurka yakan ja taragu 100, wani lokaci fiye. Shi kuwa bawan Allah ya sayo sabon kai da tsadarsa, ya jona masa taragu 15 ko 20, da an zo ɗan hawa sai abin ya cije. Alhali a watan Afrilun 2011, a garin Wilmington na jihar Karolina ta Arewa, wasu masu kula da gidan tarihin jirgin ƙasa na garin sun haɗa jirgin HO mai kawuna 31 da taragu 1,563, tsawonsa mita 282, kuma ya yi tafiya. In ka raba, kowane kai ya ɗauki nauyin taragu 50 ke nan. Me ya sa na wancan ke ja 50, na wannan ya kasa 20?

Abin da kowa ke fara zargi shi ne injin, wai ba shi da ƙarfi. Ba nan gizo ke saƙar ba. Ka sa yatsa biyu ka riƙe taragon ƙarshe, sannan ka buɗe wuta. Injin ba zai mutu ba. Tayoyin za su yi ta juyawa a wuri guda suna ƙara, jirgin bai gusa ko'ina ba. Ashe ƙarfin yana nan har ya yi yawa. Abin da ya gaza shi ne kamun da taya ke yi wa layi: ƙarfe ne a kan ƙarfe, duka biyun sumul, kuma inda suka haɗu ɗan ɗigo ne.

Wannan kamun yana da ƙa'ida. Iyakar abin da kan jirgi zai iya ja ya dogara ne da nauyin da ke danne tayoyinsa masu tuƙi, kuma yawanci bai wuce rubu'in wannan nauyin ba. Tun zamanin jirgi mai aiki da kwal injiniyoyi ke lissafi da wannan rubu'in, shi ya sa har gobe kan jirgi na gaske ke yawo da akwatin yashi, da bututun da ke fesa yashin a gaban taya idan layi ya jiƙe ko an zo hawa. Ƙaramin jirgi ba a zuba masa yashi, don zai shige cikin haƙoran giya ya cinye su. Saboda haka idan kan jirginka giram 500 ne, ka maƙala masa ɗan sikelin hannu a baya, ka buɗe wuta har tayoyi su fara zamewa, za ka ga allurar ta tsaya wajen giram 100 zuwa 125. Jarinka ke nan gaba ɗaya. Ko injin jirgin sama ka sa a ciki, in nauyin bai ƙaru ba, ba abin da zai ƙaru.

Yanzu mu duba inda jarin ke tafiya. Taragon HO na kaya, mai tsawon santimita 15, nauyinsa wajen giram 110 ne. Jan tarago ba ɗaga shi ba ne. Abin da kake yaƙi da shi kawai gogayya ce, a bakin sandar taya da kuma tsakanin taya da layi. Tarago mai lafiya yakan ci kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, wato giram 2 da ɗan ɗoriya. Raba 125 da wannan, sai ka samu taragu 50 da 'yan kai. Ga lissafin mutanen Wilmington nan ya fito. Amma in taragunka masu tauri ne, kowanne na cin giram 6, to taragu 20 sun cinye jarin. Kai ɗaya ne, layi ɗaya ne, taragun ne suka bambanta.

Shi ya sa ni a ganina wanda ke son dogon jirgi ya bar kan jirgin ya huta tukuna, ya zauna da taragunsa ɗaya bayan ɗaya. Gwajin ma ba ya buƙatar na'ura. Ka samu miƙaƙƙen layi mai tsawon mita guda a kan katako, ka ɗaga gefe ɗaya da santimita 2, ka ɗora tarago a sama ka sake shi. In ya gangaro da kansa har ƙasa, ya ci jarrabawa. In ya tsaya ƙiƙam, sai ka juya cikinsa sama. Kowace sandar taya bakinta biyu masu tsini ne, kuma kowane tsini yana zaune cikin wani ɗan rami mai siffar mazurari. Ka kaɗa tayar da yatsa. Mai lafiya za ta daɗe tana juyawa shiru; marar lafiya za ta yi zagaye biyu ta tsaya. In ka zare ta, sau da yawa za ka tarar da zaren tufafi ko gashi ya nannaɗe a tsinin, ko kuwa ramin tun daga masana'anta bai fita sumul ba. Akwai ɗan ƙarfen da ake sa wa a gurbin sandar a murza, ya share ramin. Da yawa daga masu wannan sha'awa sukan cire tayoyin roba su sa na ƙarfe, don na ƙarfe sun fi gudu kuma ba su cika tara datti ba. Mai kuwa ba a ɗiga shi a nan. Mai yana kama ƙura, ƙura ta zama laka. Garin baƙin fensir ake ɗan hurawa. Wanda zai yi wannan a ƙasarmu, da ƙurar hunturun nan tamu, sai ya ninka kula.

Wani abin lura: a nan ne ƙaramin jirgi ya kasa kwaikwayon babba. Taragon gaske, in yana tafiya a hankali a kan miƙaƙƙen layi, kilo 1 zuwa 2 kawai yake ci a kan kowane tan na nauyinsa. Wato ya fi ƙaramin sauƙin ja aƙalla sau goma. An iya rage tsawo da faɗi sau 87, amma ba a iya rage gogayya ba.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun yadda ƙananan jiragen ƙasa ke jan taragu masu yawa. Duk lissafin da muka yi a baya na shimfiɗaɗɗen wuri ne. Da an zo hawa, labari ya canja. Hawan kashi 2 cikin 100, wato layi ya tashi da santimita 2 a kowace mita, ido ma da ƙyar yake ganinsa. Amma yana ƙara wa kowane tarago kashi 2 na nauyinsa, ga shi kan jirgin ma sai ya cire giram 10 daga jarin don ya hau da kansa. Taragu 50 da 'yan kai sun koma wajen 26. Kuma in ɗaki ƙarami ne, ana so layi ya hau ya tsallake wani layin ta gada, sai a matse hawan ya kai kashi 4, a dawo ana zargin inji.

Kwana kuwa ta fi hawa mugunta. Layin da ke zuwa cikin kwalin sabon jirgi a Amurka, lanƙwasarsa daga tsakiyar da'ira zuwa layi inci 18 ce, kimanin santimita 46. In ka ninka sau 87, mita 40 ke nan, alhali manyan layukan gaske ana auna kwanarsu da ɗaruruwan mitoci. Zagayen irin wannan da'irar bai kai mita 3 ba, jirgi mai taragu 50 kuma ya kusa mita 8. Kan ya je ko'ina ya riga ya ciji wutsiyarsa. Ko da an samu fili, a cikin kwana leɓen taya yana gugar layi, gogayya ta ƙaru. Sannan ga babbar masifar. Ka shimfiɗa igiya a ƙasa ka lanƙwasa ta kamar baka, wani ya taka ƙarshenta, kai kuma ka ja ɗaya bakin. Igiyar ba za ta bi lanƙwasar ba, miƙewa za ta yi, ta yanko ta ciki. Haka dogon jirgi yake a kwana. Kai yana ja ta gaba, nauyin taragu 40 yana riƙewa ta baya, waɗanda ke tsakiyar kwanar sai a fizge su zuwa ciki. Za ka ga tayoyin gefen waje sun ɗan ɗaga, sun sauka, sun sake ɗagawa, can sai taragu biyar ko shida su kwanta a lokaci guda. Jiragen gaske ma yana faruwa da su, musamman idan an jera taragu marasa kaya a gaba, masu kaya a baya.

Maganin yana cikin nauyin taragun da yadda aka jera su. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ba da shawarar nauyin da ya dace da taragon HO: a fara da giram 28, sannan a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa. Daga nan giram 110 ɗin nan ya fito. Akwai masu cewa wannan nauyin ya yi yawa ga taragun zamani masu tayoyin ƙarfe, kuma ba su yi ƙarya ba, domin kowane giram da ka ƙara sai an ja shi a hawa. Amma abin da ba a jayayya a kansa shi ne kada wani ya yi nauyi wani ya zama fanko. Nauyin a manna shi ƙasa-ƙasa, a daben tarago, daidai kan tayoyi. Masu nauyi su bi bayan kai, marasa nauyi su koma wutsiya.

Sai bayan an gama da wannan ne ake waiwayar kan jirgi. Tun da jarin rubu'in nauyi ne, a ƙara nauyi mana. Ana buɗe murfin, a cusa ƙarfe mai nauyi a duk wani gurbi da ba kowa. Kai irin na dizal ya fi sauƙin sha'ani, domin yawanci duk tayoyinsa masu tuƙi ne, duk inda ka sa nauyi ya yi amfani. Irin na kwal kuwa yana da ƙananan tayoyi a gaba da baya waɗanda ba sa tuƙi, kuma nauyin da ya sauka a kansu ya tafi a banza. In ka cika hanci da nauyi, tayoyin baya su ɗaga, ka ƙara kaya amma ja ya ragu. Dalma aka saba amfani da ita saboda nauyinta da laushinta, yanzu wasu sun koma wani ƙarfe da ya fi ta nauyi, tangistan. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ba sai an yi mana dogon bayani ba: ba a goga ta ko narka ta a inda yara suke, kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta.

Ƙara nauyin ma yana da iyaka, kuma ga yadda ake gane ta. Bayan ka ƙara, ka riƙe jirgin ka buɗe wuta. Dole ne tayoyin su iya zamewa. In suka tsaya cak injin na gurnani, ka wuce gona da iri, domin injin lantarki da aka hana shi juyawa wuta yake zuƙa fiye da ƙima, kwayil ya yi zafi ya ƙone. Zamewar nan da muke kuka da ita, ita ce ke ceton injin. Wannan ne ya sa ban cika son zoben robar da wasu kamfanoni ke sa wa tayoyi ba. Gaskiya ne yana ƙara kamu sosai, kuma kamfanonin Turai sun daɗe suna amfani da shi. Amma tayar da ke sanye da roba ba ta ɗaukar wuta daga layi yadda ya kamata, robar tana saki in ta tsufa, kuma ta toshe wa injin ƙofar tsira.

Hanyar da ta fi, ita ce wadda reluwe ta gaske ke bi: a ƙara kawuna. A ranar 21 ga Yunin 2001 kamfanin BHP ya tuƙa jirgin tama a yankin Pilbara na yammacin Ostireliya zuwa tashar ruwa ta Port Hedland, taragu 682, tsawonsa ya haura kilomita 7, nauyinsa ya kusa tan 100,000. Kawuna 8 ne suka ja shi, amma ba a jere su duka a gaba ba. An rarraba su a cikin jirgin, direba guda yana ba su umarni ta rediyo. Da a gaba aka tara su, ƙugiyar farko ita za ta ɗauki jan dukan taragun, kuma tsinkewa za ta yi. Kai da ke tsakiya yana tura na gabansa, yana jan na bayansa, sai dogon jirgi ya zama tamkar gajeru da yawa da aka jona. A ƙaramin jirgi ma wannan ne ke rage fizgar nan ta cikin kwana.

Sai dai kawunan sai sun yi tafiya da gudu ɗaya. A tsohon tsari, inda wutar layi ce ke ƙaruwa ko raguwa daga sifili zuwa bolt 12, kowane kai yana amsa wutar yadda ya ga dama. Ana ɗora biyu a layi, a bar tazara tsakaninsu ba tare da an jona ba, a buɗe wuta a ga ko tazarar za ta canja. In ɗaya na kamo ɗaya, to jona su faɗa ne: wannan na ja, wancan na turjewa. Tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, NMRA kuma ta karɓe shi a shekarun 1990, shi ya kawo sauƙi. Kowane kai yana ɗauke da 'yar na'urar kwamfuta mai lambarta, ana iya saita gudun kowanne har su zo daidai, sannan a haɗa su ƙarƙashin maɓalli ɗaya.

Duk da haka akwai wani tarko. Galibin ƙananan kawunan nan, giyarsu irin mai murɗaɗɗen haƙori ce, wadda inji ke iya juya taya amma taya ba ta iya juya inji. Saboda haka kai da ya rasa wuta ba ya gangarawa, daskarewa yake yi. A ce na tsakiya ya taka wani wuri mai datti, wuta ta ɗauke masa na daƙiƙa guda: ya zama turke, na gaba yana ja, taragun da ke tsakaninsu su kwanta ciki. In kuma na gaba ne ya tsaya, na baya ya ci gaba da turi, su tanƙware su watse waje. Tsumma da ɗan sifirit da za a goge layi da tayoyi kafin a tashi sun fi wani sabon kai amfani.

Ƙugiyoyin da ke haɗa taragu su ma a duba su. Tsayinsu daga layi ya zama ɗaya, domin in wata ta fi wata tsayi ko da kaurin farce ne, a wurin da hawa ya fara ko ya ƙare za ta zame ta sama, rabin jirgi ya koma da baya a guje. Kowace ƙugiya kuma tana da ɗan sako-sako, kuma direban kirki yana cin moriyarsa. Yakan buɗe wuta kaɗan-kaɗan, taragon farko ya motsa, sai na biyu, sai na uku, kana jin ƙas-ƙas-ƙas tana tafiya har wutsiya. Kai bai taɓa tayar da duka a lokaci guda ba. In kuwa ka buɗe wuta gaba ɗaya, tayoyi su fara zamewa, ka yi asara, don taya mai zamewa ba ta kai wadda ta kama ƙarfin ja ba. Sai ka rage wuta, ta sake kamawa, ka fara daga farko.

Kafin lokaci ya cim mana, ga wani abu da aka yi a Jamus a 2007. An jera ƙananan kawunan HO guda 200 na kamfanin Märklin, aka ɗaure su da taragon fasinja na gaske mai nauyin fiye da tan 40, suka ja shi tsawon mita 10. Mai ji zai ce almara ce, amma lissafin da muka yi ɗazu ya isa. Kilo 1 zuwa 2 a kan kowane tan, jimilla bai kai kilo 100 ba. Raba wa kawuna 200, rabon kowanne bai kai rabin kilo ba. Ga shi kawunan Märklin da zoben roba suke zuwa, tafiyar mita 10 kuma ba ta isa ta ƙona kwayil ba.